Zoben Muktar a Cikin Ruwan Kanwa

Kafin wata ta sake turo mini saƙon "ki yi haƙuri, ki bi manya", ku tsaya ku ji abin da ya faru ranar sunan ɗiyar yayata daga bakina, tunda labarin ya riga ni zaga gidajen Nguru, kowace kuma ta ƙara masa gishirinta. Ni ce Radiyya 'yar unguwar Bulabulin, ina ajin ƙarshe a jami'a a Gashuwa, ina karanta kimiyyar sinadarai. Kuma eh, gaskiya ne an ga zoben saurayina cikin kwalba a ƙarƙashin gadona. Ban musa ba a ranar, yau ma ba zan musa ba.

Bari in fara da kwalbar, don ita ta jawo komai. Kwalbar zuma ce mai faɗin baki, na wanke ta tas na zuba tataccen ruwan kanwa. A cikin ruwan akwai ɗan fallen tagulla mai faɗin yatsa biyu, wanda na lulluɓe fuskarsa da siririn shafi na ƙarfe mai tsatsa. A haka, in ka kawo allurar kamfas, 'yar na'urar nan mai nuna arewa, kusa da shi, ko kallonsa ba za ta yi ba. Amma in na haɗa masa 'yar wutar batir, sai tsatsar ta bar shi ya koma ƙarfe zalla, ya fara jan allura kamar maganaɗisu. In na juya wutar, tsatsar ta dawo, ya saki allurar. Wato ni ke kunna jan nan, ni ke kashe shi, yadda kuke yi da ƙwan lantarki. Malamina Dakta Jumare ya ce ta irin wannan hanya masu bincike ke neman ma'ajiyar bayanai ta waya da kwamfuta wadda ba ta shan caji, ba ta ɗaukar zafi. Su can da manyan injina suke yi, ni kuwa da kanwar kasuwar Nguru.

Fallayen da na lalata kafin wannan ya yi, ni kaina na daina ƙirgawa. Wani shafinsa ya ɓare, wani ya yi baƙi ƙirin ya mutu mini a hannu. Wannan ɗaya tak ne ya amsa. Shi ne aikin kammala digirina gaba ɗaya, shi zan nuna wa malamin da aka gayyato daga wata jami'a ranar Alhamis mai zuwa. In wani abu ya same shi, sai baɗi, in zauna da 'yan ajin da ke bayana.

To ina zobe ya shigo? Abu uku ake tsomawa a ruwan: fallen, da gawayin da na zaro daga cikin batirin tocila, da siririn zaren azurfa wanda da shi ake auna wutar kar ta wuce kima ta ƙone shafin. Azurfar da na saya a kasuwa gauraye ce, ita ta riƙa ɓata mini aiki. Wata rana ina zaune a shagon Muktar ina ta mita. Muktar ɗan unguwar Hausari ne a nan Nguru, amma a Gashuwa yake da shagon sola da batura, shi ne kuma wanda manyansa suka riga suka zo gaisuwa gidanmu. Yana ta jin mitata yana ɗaure wata waya, can sai ya murza zoben hannunsa ya cire ya ajiye a gabana.

"Wannan azurfar Madina ce, babu gauraye. Gwada ta."

"Kai, Muktar! Zoben da Hajiyarka ta sayo maka?"

"Zobe ne dai, ba yatsan na cire ba. Ki gama karatun nan mu huta, na gaji da jin tsatsa-tsatsa kullum a waya kamar da bakanike nake zance."

Na yi dariya har da riƙe ciki, amma a raina na ce wannan shi ne mijin. Maƙeri ya yanka zoben ta ƙasa ya miƙe shi ya zama zare, ya bar kan da jan dutsensa. Zaren yana cikin ruwa, dutsen yana leƙe a saman murfi. Daga ranar aikina ya miƙe.

Da sunan ya zo, ban iya barin kwalbar a makaranta ba. Zafin bazarar Gashuwa ba ya raga wa ruwa, in kuwa ruwan ya ja baya iska ta taɓa shafin, shi ke nan. Wadda muke ɗaki ɗaya ta yi tafiya, ba mai duba mini. Na naɗe kwalbar da baƙin ɗankwalina saboda rana, na rungumo ta a cinya har Nguru, na tura ta ƙarƙashin gado. Na san abin da kuke cewa yanzu: baƙin ƙyalle, ƙarƙashin gado, zoben namiji. Wallahi ni a lokacin yaran 'yan suna kawai nake tunani, waɗanda ba abin da ke tsira a hannunsu.

Ranar suna gidanmu ba masaka tsinke. Turaren wuta ya turnuƙe tsakar gida, ana ta kwasar burabusko da miyar kuka da ta sha bandar kifi, ga kunun kanwar mai jego a ƙatuwar tukunya. Na saka laffaya ruwan ƙwai, na sha humra, lallen hannuna ya kama ya yi baƙi sosai. Duk wannan kwalliyar ta mutum ɗaya ce, Hajiya Zaituna mahaifiyar Muktar, don an ce bayan suna za a tsayar da maganar sa rana.

Ta iso bayan azahar tare da ɗiyarta Shuhada, ƙanwar Muktar mai aure a Machina. Na durƙusa har ƙasa, na yi mata irin gaisuwar garinmu.

"Wushe, Hajiya. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar boko. Ya Gashuwa? Ya ɗana, tunda ke kike ganinsa?"

Da murmushi ta faɗa, amma na ji ta har ƙashina. Tun da Muktar ya mai da shagonsa Gashuwa, Hajiya ta ɗora abin a kaina. Ba ta duba cewa can ne masu noman rani ke sayen sola ba. Ita dai ɗanta da ke cin tuwonta kullum ya koma sai Juma'a-Juma'a, kuma akwai yarinya a garin.

Da aka kira la'asar, Shuhada ta ce in ba ta wuri ta yi sallah. Na nuna mata ɗakina na ce darduma na ƙarƙashin gado, na koma rabon abinci. Ko a jikina. Ina cikin zuba miya aka ce Umma na kira na, maza.

Ina ɗaga labulen ɗakin Umma na sha jinin jikina. Hajiya Zaituna na zaune a bakin gado, Shuhada na tsaye ta harɗe hannu, Umma ta rafka tagumi. A tsakiyar kafet ga kwalbata, an yaye ɗankwalin, jan dutsen sai ƙyalli yake.

"Radiyya," in ji Hajiya, muryarta a sanyaye, "zoben wa ne wannan?"

"Na Muktar ne, Hajiya."

"Alhamdu lillahi, ba ki wahalar da mu ba. Ni ya ce mini a fadamar Dagona ya faɗi, yana haɗa wa masu shinkafa famfo."

Ban taɓa sanin ya yi mata wannan ƙaryar ba. Muktar, Muktar! Da ka ce "na ara wa Radiyya", da me zai ci ka?

"Hajiya, shi ya ba ni da hannunsa. Aikin makaranta ne."

Shuhada ta yi tsaki. "Makarantar wa? Mu ma mun je makarantar nan, ba a ce mu jiƙa zoben maza a kwalba ba. Har da gawayi fa, Hajiya, kin gani?"

A nan ne na yi abin da na ɗauka wayo ne. Na ce a raina, mutanen nan in suka gani da idonsu magana ta ƙare. Na ruga ɗaki na ɗauko batir da wayoyi da ɗan kamfas ɗina, na durƙusa a kan kafet da laffayata da komai, na jona. Na ajiye kamfas ɗin a jikin kwalbar daidai fallen.

"Ku dubi allurar nan. Tana kallon arewa ko? To yanzu zan sa ƙarfen ya ja ta."

Na haɗa wutar. Kowa ya zuba wa kamfas ɗin ido. A hankali allurar ta karkato, ta zo ta tsaya tana kallon fallen. Ko a wannan halin sai da na ji daɗi ya ratsa ni, don duk sanda ta yi haka ji nake kamar ranar farko.

"Yanzu kuma zan sa ya sake ta."

Na juya wayoyin. Bayan ɗan lokaci allurar ta saki, ta koma inda take. Na ɗago ina murmushi, ina jiran a ce "ikon Allah". Sai na ga Hajiya ta janye ƙafafunta daga kusa da kwalbar, ta dafe ƙirji.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ki ja, ki saki. Ki ja, ki saki. Ashe haka kike yi da ɗana! Da ji nake a bakin mutane, yau na gani da idona."

Jama'a, ni da hannuna na kawo mata shaida. Na shiga bayanin tsatsa da ƙarfe da ruwan kanwa, na kawo sunan Dakta Jumare, na ce a kira shi a waya yanzu. Hajiya ta ɗaga mini hannu.

"Ba na son dogon turanci. Ga sharaɗina, a gaban mahaifiyarki. Ki ɗauki ruwan nan ki zubar a makwarara ina kallo, ki karya ƙarfen, ki ba ni zoben ɗana in kai wa malam ya yi masa addu'a. In kin yi, na rufe bakina, Shuhada ta rufe nata, a sa rana. In ba ki yi ba, ba da ni ba."

"Hajiya, ki ba ni zuwa Alhamis. In na gama jarrabawa, ni da kaina zan kai wa maƙeri ya mai da shi zobe, in kawo miki har gida."

"Zuwa Alhamis ai aikin ya gama ci. Yau nake so."

Umma ta jawo ni gefe, bakin sif ɗinta, tana magana ƙasa-ƙasa, idonta ya kawo ruwa.

"Radiyya, ni na san karatu ne. Ni na sayo miki kanwar ma. Amma matan da ke tsakar gidan nan ba su sani ba, kuma kafin magariba sun ji. Ki zubar a wuce wurin, 'yar nan. Shekara ɗaya ce, kamar gobe ne. Suna in ya ɓaci ba ya gyaruwa."

Maganar Umma ta fi ta Hajiya yi mini ciwo, don ita da ƙauna ta faɗe ta. Na ji kamar in ce to. Sai na hango kaina a tsakar gida, durƙushe a bakin makwarara, mata sun zagaye ni, ina tuttular da ruwan. Wa zai ce aikin makaranta ta zubar? Cewa za a yi an kama ta ta tuba. In shiga gidan Muktar a matsayin matar da aka karya wa asiri, duk ranar da ya saya mini zani a ce saura ne bai gama sakinsa ba. Ga digirina ya tafi, ga sunan da ake cewa in tsare shi ma ya tafi.

"Umma, ki yafe mini. In na zubar na amsa laifin ke nan, ni kuwa ban yi ba."

Shuhada ta riga ta kira Muktar a waya, yana waje cikin maza a ƙarƙashin rumfa. Ya yi sallama ya cire takalmi, ya tsuguna a bakin ƙofa cikin farar shaddarsa. Da ya ga kwalbar sai ya runtse ido.

"Hajiya, ni na ba ta. Ba ta roƙe ni ba ma."

"To me ya sa ka ce mini ya faɗi?"

Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

"Muktar, tun da na haife ka, ka taɓa duban idona ka yi mini ƙarya?"

"A'a, Hajiya."

"To ka gani. Ba kai ba ne, ɗana. Ba yin kanka ba ne."

Na zuba masa ido ina jiran ya yi dariya, ya ce tsoron faɗanta ne kawai ya sa. Gaskiyar ke nan fa, kowa ya san faɗan Hajiya. Amma bai ce ba. Ya juyo gare ni, bai ma iya haɗa ido da ni ba.

"Radiyya, ki zubar kawai. Zan nemo miki wata azurfar, ko daga Kano ne."

"Fallen fa?"

"A sake wani."

A sake wani! Mutumin da ya ga kukan da na sha a kan fallayen da suka mutu, wanda ya bar shagonsa ya zo ya tsaya a kaina ranar da allurar ta fara motsi, har ya yi kabbara. Shi ne yau yake ce mini a sake wani, kamar wainar da ta ƙone.

Na cire wayoyin, na zuba batir da kamfas a jaka, na ɗauki kwalbata da hannu biyu. Shuhada ta miƙo mini baƙin ɗankwalin da yatsa biyu tana yatsina, na ce ta riƙe na ba ta. A buɗe na fito da ita. Na ratsa tsakar gida a hankali, kaina a sama, kwalbar a gaban ƙirjina, kowace mace ta kalla ta more. Wata ta ce, "Mene ne wannan kuma?" Na ce, "Jarrabawata ce, Gwaggo, a sa ni a addu'a." Na leƙa ɗakin mai jego na ce wa yayata ta yafe mini, na sumbaci jaririyar, na fice. Ina jin Umma na kiran sunana har na kai zaure. Wannan kiran har yanzu yana cin raina, amma ban juya ba.

A tasha na sami motar Gashuwa saura mutum ɗaya. Na shige baya da laffayar suna da ƙamshin humra, tsakanin wata mai buhun barkono da wani dattijo mai carbi, kwalbar a kan cinyata. Wayata kuwa kamar za ta fashe. 'Yan uwa, ƙawaye, har da waɗanda rabona da su tun sakandare: "Radiyya me muke ji?" "Ke kuwa da iliminki?" "Don Allah wane malami ne, yana Gashuwa?" Wannan ta ƙarshen har ta so ta ba ni dariya. Ban amsa wa kowa ba.

Mun wuce Jajimaji kaɗan saƙon Muktar ya shigo.

"Kin isa?"

"Muna hanya."

"Ina son in tambaye ki wani abu. Don Allah kar ki ji haushi."

"Ina jin ka."

Ya daɗe yana rubutawa yana gogewa. Ni kuwa har na fara shirya yadda zan ɗan ja masa aji kafin in karɓi ban-haƙurin. Sai ga shi:

"Ranar da na cire zoben nan na ba ki, da hankalina na ba ki? Tun ɗazu nake tunani, na kasa gane me ya sa ban yi shawara da Hajiya ba."

Na karanta, na sake karantawa. Zargin Hajiya bai sa ni kuka ba, tsakin Shuhada bai sa ni ba. Wannan ne ya sa ni. Hawaye suka riƙa zuba a kan laffayar, hannuna ɗaya na riƙe da kwalba, ɗaya da waya, ba ma halin sharewa. Mai barkono ta dube ni ta ce, "Rasuwa aka yi, 'yata?" Na ce mata a'a. Abu mafi kyau da Muktar ya taɓa yi mini, abin da na riƙe na ce saboda shi zan aure shi, yau shi da kansa yake tambaya ko sa shi aka yi.

Na rubuta "Wallahi tallahi", na tsaya, na goge. In sai na rantse kafin ya yarda cewa son da yake mini nasa ne, to rantsuwar ma gobe za a ce da asiri na yi ta. Ga abin da na tura masa:

"Ba zan rantse maka ba. Ranar Alhamis da safe ina babban ɗakin sashenmu. Ka zo ka zauna a gaba ka ji bayanin da zan yi wa malamai. Ana gamawa zan zare zobenka daga ruwan in sa maka a tafin hannu. Daga nan ka je ka duba zuciyarka, babu komai naka a wurina. In ka ga har yanzu kana so na, ka san ƙofar gidanmu. In ka ga ba ka so, ka sami amsar tambayarka."

Ya karanta nan take, na ga alamar. Muka wuce gonaki, muka wuce masu shanu suna komawa gida, har gine-ginen Gashuwa suka fara bayyana, ba amsa. Sai da direba ya tsaya a tasha, ina ƙoƙarin fitowa da kwalbar ba tare da ta girgiza ba, wayar ta yi ƙara.

"Zan zo. Amma Hajiya ta ce ƙafarta ƙafata, kuma da malaminta za ta zo."

Na tsaya a gefen mota, na goge fuskata da bakin laffaya, na rubuta masa da babban yatsa ɗaya:

"A zo da shi. Kujeru sun isa."